Nazarin Lamari: Birnin da Sunansa Ya Ɓaci a Indiya, da Yadda Aka Kai wa Indiyawa Fina-finan Ostareliya

Birnin da wannan nazari ya shafa shi ne Melbourne, hedikwatar jihar Victoria a kudu maso gabashin Ostareliya. A nan za a riƙa ce masa "birnin" kawai. A 2009 sunansa ya ɓaci a Indiya, ƙasar da take turo masa ɗalibai masu yawa. Da aka zo neman gyara ta hanyar fim da al'adu, sai wata tsohuwar matsala ta fito fili: Indiyawa sun san titunan birnin a majigi, amma kaɗan ne cikinsu suka taɓa zama suka kalli fim ɗin da mutanen Ostareliya suka yi da kansu.

## Kafin 2008: yadda Indiya ta san birnin

Birnin ba baƙo ba ne a harkar fim. A Disamba 1906 aka nuna a can wani fim mai tsawon kimanin awa ɗaya a kan Ned Kelly, shahararren ɗan fashin dajin ƙasar, wanda hukumar UNESCO ta sa a kundinta a matsayin dogon fim mai labari na farko a duniya. Indiya ba ta fitar da nata ba sai 1913, a hannun Dadasaheb Phalke. Bayan shekara ɗari kuwa reshe ya juye da mujiya. Indiya tana fitar da fim fiye da 1,000 a shekara, cikin Hindi da Tamil da Telugu da Malayalam da Bengali da sauran harsuna, kuma fina-finan gida ne ke kwashe fiye da kashi 80 cikin 100 na kuɗin tikitin silima a ƙasar. Ragowar kusan duk na Hollywood ne. Ostareliya 'yan gommai take fitarwa, kuma ko a gidajen silimarta ba su cika samun kashi 10 cikin 100 ba.

Don haka fim ɗin da ya shigar da birnin gidajen Indiyawa daga Mumbai ya fito. A 2005 kamfanin Yash Raj ya saki Salaam Namaste, wanda aka ɗauka a birnin da kewayensa da haɗin kan hukumar yawon buɗe ido ta jihar. Jarumin mai dafa abinci ne a wani gidan cin abinci, jarumar ɗalibar likitanci ce da ke gabatar da shiri a rediyo, suna zaune kusa da teku, ba mai tsangwamar su. Duk wanda ya tashi da kallon fim ɗin Indiya a ƙasar Hausa ya san yadda waƙa ɗaya takan sa mutum ya ƙaunaci garin da bai taɓa takawa ba. Wasu kamfanonin suka biyo baya da kyamarorinsu a 2007 da 2008.

A daidai wannan lokaci dokar shige da fice ta buɗe wata ƙofa. Wanda ya koyi sana'ar da ke cikin jerin sana'o'in da ƙasar ke nema, kamar girki ko gyaran gashi, yana iya neman izinin zama na dindindin. Ƙananan kwalejoji masu zaman kansu suka yi ta tsirowa, dillalan karatu a Punjab da Gujarat da Andhra Pradesh suka yi ta tura yara, iyaye suna cin bashi ko su jinginar da gona. Zuwa 2009 ɗaliban Indiya a Ostareliya sun kai kimanin 100,000, kuma wannan jiha ce ta fi kowace yawansu.

Rayuwar da suka tarar ba ta fim ba ce. Suna haya a unguwannin bayan gari inda gida ke da araha, suna tuƙin tasi ko aikin dare a gidan mai da kantin da ba ya rufewa, suna komawa gida a jirgin ƙasa na ƙarshe da waya da kwamfuta a jaka.

## Afrilu 2008 zuwa Janairu 2010: ɓarkewar rikici

A Afrilu 2008 aka daɓa wa wani ɗalibi ɗan Indiya mai tuƙin tasi wuƙa. Direbobi suka toshe babbar mahaɗar tsakiyar birnin, wasu suka tuɓe riguna cikin sanyi don a ji kukansu. Maganar ba ta yi nisa a Indiya ba a lokacin.

Mayun 2009 ne ya sauya komai. Kyamarar tsaro ta ɗauki wasu samari suna lakaɗa wa wani ɗalibi duka a cikin jirgin ƙasa, sannan aka soki wani da sukundireba a ka a wurin wani taron shagali, ya kwanta asibiti bai san inda kansa yake ba. Ran 31 ga Mayu dubban ɗalibai suka yi tattaki daga asibitin zuwa tsakiyar gari, wasu suka zauna a kan titi har asuba, sai da 'yan sanda suka tarwatsa su. Tashoshin talabijin na Indiya, masu labarai dare da rana, suka riƙa maimaita hoton dukan nan. Firaminista Manmohan Singh ya yi magana da takwaransa Kevin Rudd.

Masu fim ma suka shiga. Amitabh Bachchan ya ƙi karɓar digirin girmamawa da wata jami'a a Brisbane ta ba shi, kuma babbar ƙungiyar ma'aikatan fim ta yammacin Indiya ta ce mambobinta ba za su je aiki Ostareliya ba. Daga Yuli zuwa Oktoba 2009, masu neman bizar karatu daga Indiya suka ragu da kashi 46 cikin 100 idan aka kwatanta da watannin nan a 2008. Ran 2 ga Janairu 2010 aka kashe wani matashi ɗan shekara 21 da wuƙa yana ratsa filin shaƙatawa da dare zai je wurin aiki. Gwamnatin Indiya ta fitar da gargaɗi ga ɗalibanta. A ƙarshen shekarar wani fim na Hindi ya fito a kan hare-haren, ya nuna birnin da fuskar da ta saɓa da ta 2005.

## 2009 zuwa 2011: abin da aka fara gwadawa

Da farko musu aka yi. 'Yan sandan jihar suka ce yawancin hare-haren fashi ne na masu neman abin da ya sauƙaƙa, ba ƙiyayyar launin fata ba. Akwai gaskiya a ciki, amma uwar da ɗanta ke kwance a asibiti ba ta ji komai a wannan bayani ba sai rainin hankali. Daga baya kwamishinan 'yan sandan ya yarda cewa wasu hare-haren na wariya ne. Shi ne kuma a Fabrairu 2010 ya shawarci ɗalibai su ɓoye agogo da waya su yi shigar marasa hali, maganar da ta ƙara rura wutar.

Sai ziyarce-ziyarce. Julia Gillard, tana ministar ilimi a lokacin, da firimiyan jihar, da Rudd kansa a Nuwamba 2009, duk sun je Delhi. An yi tattakin zaman lafiya a birnin a Yuli 2009. A Fabrairu 2010 dubban mazauna ƙasar suka ware rana guda suka je cin abinci a gidajen abincin Indiyawa don nuna ba sa tare da masu dukan. Niyyar mai kyau ce, amma adadin ɗalibai ya ci gaba da faɗuwa.

Gyaran doka ya fi tafiyar hawainiya. A ƙarshen 2009 jihar ta sa alƙalai su riƙa duba ƙiyayyar ƙabila ko launi wajen yanke hukunci. A Fabrairu 2010 gwamnatin tarayya ta soke tsohon jerin sana'o'in, ta raba karatun girki da gyaran gashi da takardar zama. Kwalejojin bogi da dama suka rushe, ɗalibansu suka rasa kuɗi da makoma, wanda shi ma wani ciwo ne. A 2011 cibiyar binciken laifuka ta ƙasar ta fitar da rahoton da ya nuna ba a fi dukan ɗaliban Indiya a kan sauran jama'a ba, amma a wasu wurare an fi yi musu fashi, kuma bayanan 'yan sanda ba su isa a gane niyyar mai laifi ba. Kotu ta kuma samu wani yaro mai shekara 15 da laifin kisan Janairu 2010, ba ta sami hujjar wariya ba. Waɗannan labarai ba su samu ko kusa da yaɗuwar da hoton jirgin ƙasan nan ya samu ba.

Alamar sassauci ta farko daga masu fim ta zo. A Oktoba 2011 Bachchan, yana Ostareliya don wani fim na daraktan Ostareliya Baz Luhrmann, ya karɓi digirin da ya ƙi a baya.

## Oktoba 2012 zuwa Fabrairu 2013: babban bikin

A tsakiyar Oktoba 2012 Gillard, yanzu tana firaminista, ta buɗe Oz Fest a Delhi. Shi ne bikin al'adu mafi girma da Ostareliya ta taɓa kaiwa Indiya: wata huɗu, birane 18, shirye-shirye fiye da 100. An buɗe shi a Purana Qila, tsohuwar ganuwar ƙarni na 16, aka haska hotuna a jikin ginin, Gurrumul Yunupingu, makahon mawaƙin nan daga 'yan asalin ƙasar, ya rera da harshensu, Anoushka Shankar ta kaɗa sita, kayan kiɗan Indiya mai tsirkiya. A ziyarar ne aka sanar da lambar girman ƙasa ga gwarzon wasan kurket na Indiya Sachin Tendulkar, aka kuma amince a fara tattaunawa kan sayar wa Indiya yuraniyam, abin da jam'iyya mai mulki ta janye haramcinsa a Disamba 2011.

A ɓangaren fim an gwada hanyoyi biyu.

Ta farko sabon fim ne da aka ga kamar an ɗinka shi don wannan rana: barkwanci a kan wata ƙaramar ƙungiyar kurket ta unguwa daga birnin da ta tafi rangadi Indiya. Kurket dai shi ne abin da ƙasashen biyu suka fi haɗuwa a kai. An nuna shi a bikin fina-finai na Mumbai a Oktoba. Labarin na Turawa ne masu zuwa baƙunta, suna fama da zafi da cunkoso da ɓacin ciki, Indiya kuma fage ce kawai da abin ke faruwa a kai. Da ya fito a Ostareliya a Fabrairu 2013 bai yi kasuwa ba, a Indiya ma bai bar wani tasiri ba.

Ta biyu tsohon fim ne na Indiya. Mary Ann Evans an haife ta a Perth a 1908, mahaifinta soja ne a rundunar Birtaniya, aka kawo ta Indiya tana yarinya. Ta koyi hawan doki a Peshawar, ta yi aiki da masu wasan motsa jiki da rawa masu yawo gari-gari, sannan 'yan'uwan nan biyu na kamfanin Wadia Movietone suka ɗauke ta. A 1935 ta fito a Hunterwali, wato mai bulala: farar mace mai farin gashi da shuɗin ido, fuska a rufe, bulala a hannu, tana ƙwato wa talakawa haƙƙi daga azzalumai. Ita take yin abubuwan haɗarin da kanta. Tana gudu a saman jirgin ƙasa yana tafiya, tana diro daga bene, tana ɗaga ƙato sama ta yar. Hindinta akwai gargada, amma masu tikitin araha da ke zama a gaban majigi ba su damu ba. Aka riƙa kiran ta Fearless Nadia, Nadiya marar tsoro. Ta auri Homi Wadia, ɗaya daga cikin 'yan'uwan nan biyu, a 1961, ta rasu a Mumbai a 1996.

Masu shirya bikin suka ɗauko fim ɗinta na 1940, Diamond Queen, suka ba makaɗin Ostareliya Ben Walsh ya tsara masa sabon kiɗa. Aka zaunar da makaɗa a ƙarƙashin majigi, na Ostareliya da ganguna da ƙahonni, na Indiya da tabla da sarangi da harmoniyam, suna bin fim ɗin kai tsaye. In Nadiya ta kai naushi ganga ta amsa, in doki ya zabura kiɗan ya zabura tare da shi. An fara nuna shi a Adelaide a Satumba 2012, sannan aka kai shi Indiya, ciki har da Mumbai, garin da aka yi fim ɗin. Ya kuma zo a kan gaɓa, don a 2013 silimar Indiya ke cika shekara 100. Dattawan da suka kalle ta suna yara sun san ta sarai. Abin da yawancinsu ba su sani ba shi ne inda aka haife ta.

Akwai wani abin lura a gefe. Cikin baƙin da bikin ya kawo, alƙalan gasar girki ta MasterChef Australia na daga waɗanda jama'a suka fi sani, don shirin yana shiga gidajen masu matsakaicin hali a biranen Indiya ta talabijin tun kafin bikin.

## 2012 zuwa 2022: aikin da ba ya tsayawa

Oz Fest ya ƙare a Fabrairu 2013. Abin da ya ɗore a birnin kansa aka kafa shi. Mitu Bhowmick Lange, wadda ta yi aiki a shirya fina-finan Mumbai da aka ɗauka a can, ta fara bikin fina-finan Indiya na shekara-shekara a 2010, gwamnatin jihar ta shiga ɗaukar nauyinsa daga 2012, Vidya Balan ta zama jakadiyarsa. Bachchan ya halarta a 2014, Shah Rukh Khan a 2019. Kowace shekara daraktoci da furodusoshi na Indiya suna kwana a birnin, suna ganin ɗakunan ɗaukar fim, suna sanin ma'aikata.

A 2013 kuma aka fara ba waɗanda suka gama jami'a bizar yin aiki na wasu shekaru, ɗaliban Indiya suka fara dawowa, wannan karon yawanci jami'o'i. Narendra Modi ya ziyarci ƙasar a Nuwamba 2014, firaministan Indiya na farko cikin shekara 28.

Fim ɗin da ya fi kusa da cika burin ya zo a 2016. Lion labari ne na gaskiya: yaro ɗan shekara biyar ya yi barci a jirgin ƙasa, ya farka ya tsinci kansa a Kolkata inda ba ya jin harshen mutane, wasu ma'aurata a Tasmaniya suka ɗauke shi riƙo, bayan shekara 25 ya gano ƙauyensu da Google Earth. Kusan rabin farko na fim ɗin da Hindi da Bengali aka yi shi, da ƙaramin yaro daga Mumbai da manyan 'yan wasan Indiya. Wurin da labarin ya juya a birnin yake: saurayin ya je cin abinci gidan wasu ɗalibai Indiyawa, ya shiga kicin ya ga farantin jalebi, soyayyen zaƙin da ya roƙi yayansa ya saya masa suna yara, sai komai ya dawo masa. An zaɓi fim ɗin a rukuni 6 na Oscar, ya tara kimanin dala miliyan 140 a duniya. An sake shi a Indiya a Fabrairu 2017, ya samu yabo, amma bai zama fim na gama-gari a can ba.

## 2023 zuwa 2025: inda aka kwana

A Maris 2023, lokacin ziyarar da firaministan Ostareliya Anthony Albanese ya kai Indiya, ƙasashen biyu suka sa hannu a yarjejeniyar shirya fim tare, ta fara aiki a Nuwamba. Fim ɗin da aka yi a ƙarƙashinta ɗan gida ne a ƙasashen biyu, yana iya cin tallafin kowace. Ostareliya tana mayar wa furodusa har kashi 40 cikin 100 na kuɗin da ya kashe a ƙasar a kan fim ɗin silima, Indiya ma a watan ta ɗaga nata zuwa kashi 40, iyakarsa rupi miliyan 300.

Daga 20 zuwa 28 ga Nuwamba 2024, bikin fina-finai na ƙasa da ƙasa na Indiya karo na 55 a Goa ya ɗauki Ostareliya a matsayin ƙasar da aka fi mayar da hankali a kanta. An nuna fina-finanta 7, an karrama darakta Phillip Noyce da lambar Satyajit Ray, kuma fim ɗin da ya buɗe bikin, Better Man, a ɗakunan ɗaukar fim na birnin aka yi mafi yawansa. A Maris 2025 wani fim mai gajerun labarai huɗu a kan mazauna birnin ya shiga gidajen silimar Indiya. Daraktocin Indiya ne suka jagorance shi, Kabir Khan da Imtiaz Ali da Rima Das da Onir, tare da matasan masu fim na birnin. Ɗaya daga labaran na wata yarinya ce 'yar gudun hijira daga Afganistan mai buga kurket, wani na kurma mai rawa. Ƙidayar 2021 ta nuna mutum fiye da 670,000 haifaffun Indiya suna zaune a Ostareliya, kuma jihar ce ta fi yawansu.

## Abin da ya yi aiki, da dalili

A ganina ba fim ne ya dawo da ɗalibai ba, kuma bai kamata a ba bikin ladan da ba nasa ba. Rufe kwalejojin bogi da sabuwar bizar aiki su suka yi wannan. Musun farko ya gaza ne don an amsa wa mutane da lissafi a lokacin da suke neman a ce musu an ji zafinsu. Fim ɗin kurket ya gaza don ya kai wa Indiyawa labarin yadda baƙo yake ganin su, abin da ba su nema ba.

Nadiya ta yi aiki don tasu ce. Ostareliya ta zo da abin da Mumbai ta riga ta so tun 1935, ta girmama shi, ta zaunar da makaɗanta gefen na Indiya a matsayi ɗaya. Lion da fim ɗin 2025 wannan hanyar suka bi: Ba'indiye a tsakiyar labari, harshensa a bakinsa, 'yan ƙasarsa cikin masu yin aikin. Bikin shekara-shekara kuma ya fi na wata huɗu amfani, don huldar da ta kai ga fim ɗin 2025 a wurinsa aka ƙulla ta sannu a hankali.

Matsalar asali kuwa rabinta kawai aka warware, kuma abin yana damuna, don akwai fina-finan 'yan asalin Ostareliya da na ƙauyukanta da na tabbata za su taɓa zuciyar mai kallo a Punjab ko Kerala. Masu zuwa Goa da bikin Mumbai 'yan fim ne da ɗalibai da 'yan jarida masu jin Turanci. Mai sayen tikiti a Patna ko Madurai bai gan su ba. Hollywood tana isa gare shi ne don tana fassara manyan fina-finanta zuwa Hindi da Tamil da Telugu, tana da masu rarrabawa da kuɗin talla. Mu da muka ga yadda fassarar Hausa ta shigar da fim ɗin Indiya ɗakunan da ba a jin ko kalma ɗaya ta Hindi mun san ƙarfin wannan. Biki yakan nuna fim sau ɗaya ko biyu ya tattara ya tafi. Yarjejeniyar 2023 ita ce mataki na farko da ya ba furodusan Indiya dalilin sa kuɗinsa a fim ɗin Ostareliya, wanda kuma ya sa kuɗi shi ne zai nema masa silima da fassara a gida.